Yadda zaka riƙe abu a ka ya zauna, ba yau ka karanta gobe ya gudu ba

Akwai wani abu da ya taɓa faruwa dani a ɗakin jarabawa wanda har yau in na tuna sai naji raina ya sosu. Kwana uku nayi ina bin littafi shafi-shafi, na ja layi da biro a ƙarƙashin duk abinda naga kamar muhimmi ne, na karanta na sake karantawa har na kai in na buɗe shafi kafin idona ya sauka nasan abinda ke ciki. Da aka raba takarda na duba tambaya ta biyu, wallahi nasan amsar tana saman shafin hagu, har zanen dake gefenta ina gani a raina, amma ko kalma ɗaya ta ƙi fitowa. Na daɗe ina ɗauka kaina ne baya riƙo, irin maganar nan da mutane keyi cewa "ni fa ƙwaƙwalwata rariya ce". Sai can baya na gane hanyar da nake bi ce ta cuce ni.

Ɗan uwa, gane abu idan ka ganshi daban ne da ciro shi daga ka babu kowa babu komai a gabanka. Maimaita karatu na farkon yake ƙarfafawa, shi yasa kake jin kamar ka iya, alhali ranar buƙata na biyun ake nema a wajenka. Duk abinda zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya ginu.

Fara da sanin yadda mantuwa take aiki

Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya zauna ya mai da kansa abin gwaji, ya riƙa haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana, sannan ya bari lokaci ya wuce ya dawo ya sake haddace su yana auna nawa ne daga wahalar farko ta rage masa. A 1885 ya fitar da sakamakon. Bayan minti 20 abinda ya saura kashi 58 ne cikin 100, bayan awa ɗaya kashi 44, bayan kwana ɗaya wajen kashi ɗaya cikin uku, bayan wata guda kuma kashi 21. Ka lura da kyau, zubewar mai yawa a awannin farko take faruwa, daga nan sai ta lafa tana tafiya a hankali. Toh abubuwan da ya haddace basu da ma'ana shi yasa suka zube da sauri haka, abu mai ma'ana ya fi daɗewa, amma salon ɗaya ne ga kowa. Kenan in ka ji lacca da safe baka waiwaye ta ba sai bayan sati biyu, kada kayi mamaki in ka tarar kusan daga farko zaka soma.

Mataki na farko: abin ya shiga tukuna

Da yawa daga abinda muke cewa mun manta, tun asali bai shiga ba. Ka ajiye makulli kana amsa waya, hannunka ne ya ajiye, kai kana wani wuri. An gabatar maka da mutum kana tunanin abinda zaka ce masa, sunan ya bi iska. Maganin wannan ɗan ƙarami ne har mutum ya raina shi: ka tsaya daƙiƙa uku ka faɗi abin da bakinka. "Na ajiye makulli a kan firij." "Na kashe gas." "Na sha maganin safe." Faɗa da murya yana tilasta hankali ya halarci wurin, kuma bincike ya nuna kalmar da mutum ya furta ta fi wadda ya karanta a zuci zama. Lokacin karatu kuma wayar nan a kai ta wani ɗaki, kife ta a kan tebur baya wadatarwa in kunnenka na jiran ta yi ƙara.

Mataki na biyu: ka fahimta, ka kuma rage kaya

Kafin ka fara hadda tambayi kanka, a cikin shafi goman nan mene ne ainihin abinda zan buƙata ba tare da na duba ba? Sau tari bai wuce abu bakwai ko takwas ba, sauran bayani ne dake rataye a jikinsu. Wanda yace komai zai riƙe ƙarshenta ba abinda yake riƙewa da kyau.

Sai fahimta. A 1973 William Chase da Herbert Simon sun gwada 'yan wasan ces, darar nan ta Turawa, suna nuna musu allo na 'yan daƙiƙoƙi sannan a ce su sake jera 'ya'yan yadda suke. In jerin daga wasan gaske aka ɗauko, gwani yana yiwa ɗan koyo fintinkau. Amma da aka watsa 'ya'yan barkatai ba tsari sai fifikon gwanin kusan ya ɓace. Ashe abinda gwanin ke riƙewa ma'anar jerin ce, yana ganin wannan hari ne wancan tsaro ne, shi kuwa ɗan koyo guda-guda yake ƙirgawa. Haka karatu yake. Duk sabon abu ka tambaye shi, me yasa haka? da me yayi kama cikin abinda na riga na sani? in aka cire shi me zai lalace? Gwajin da nafi yarda dashi shine ka bayyana abin da kalmominka kamar kana yiwa ƙaninka ɗan shekara goma sha biyu bayani, duk inda ka ji harshenka ya sarƙe ka koma aron kalmomin littafi, toh nan ne baka gane ba, koma can.

Mataki na uku: dunƙula

Wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe abu na ɗan lokaci ƙanƙani ne ƙwarai. George Miller a 1956 yace wajen abu bakwai ne, ko a ƙara biyu ko a rage biyu, daga baya Nelson Cowan a 2001 ya nuna in aka hana mutum dabara abin ya fi kusa da huɗu. Sai dai "abu" ɗaya zai iya zama lamba ɗaya, zai kuma iya zama dunƙule mai ɗauke da lambobi da yawa. Duba wannan: 1 9 4 5 1 9 6 9 2 0 2 0. Lamba goma sha biyu ce, in ka kalle ta sau ɗaya ka rufe ido da wuya ka kawo ta. Yanzu raba ta uku: 1945 shekarar da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, 1969 shekarar da ɗan Adam ya taka wata, 2020 shekarar kullen korona. Ta koma abu uku, kuma har gobe in na tambaye ka zaka kawo.

A jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka an yi wani ɗalibi mai son tseren gudu da masu bincike suka riƙa karantawa lambobi yana maimaitawa. Ya fara da bakwai kamar kowa, bayan atisaye na sama da awa 200 ya kai kusan lamba 80 a ji ɗaya, an buga rahoton a 1980. Yadda yake yi shine yana mai da lambobin lokutan tsere, misali uku huɗu tara biyu ya zama minti uku da daƙiƙa arba'in da tara da ɗigo biyu. Da aka sauya masa zuwa haruffa sai ya dawo wajen shida. Ƙwaƙwalwar tasa bata ƙara girma ba kenan, abinda ya riga ya sani ne yake rataya sabon a jiki. Kai ma ka duba me ka sani sosai, ƙwallo ne, ɗinki ne, gyaran mota ne, ranakun haihuwar 'yan gidanku ne, shine ƙugiyarka.

Haɗa farkon kalmomi ma dunƙulawa ce. Ni kafin na fita daga gida "mawaƙa" nake cewa a raina, wato makulli, waya, kati, na taɓa aljihu sau uku shikenan.

Mataki na huɗu: rufe littafin ka ciro da kanka

In da za'a ce na zaɓi abu ɗaya tak a cikin rubutun nan, wannan zan ɗauka.

A 2006 Henry Roediger da Jeffrey Karpicke na jami'ar Washington dake St. Louis sun ba ɗalibai gajeren rubutu. Wasu suka yi zama huɗu duk suna karantawa, wasu suka karanta a zama ɗaya kawai sannan a sauran ukun aka karɓe rubutun aka basu farar takarda su rubuta abinda suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, kashi 83 da kashi 71. Bayan sati ɗaya sai labari ya juya, masu maimaita karatu suka faɗo kashi 40, masu cirowa daga ka suka riƙe kashi 61. Abinda ya fi taɓa ni a binciken shine masu maimaita karatun su ne suka fi tabbacin cewa zasu tuna. Daidai halin da na shiga kenan a ɗakin jarabawar can. A 2013 ma John Dunlosky da abokan aikinsa sun auna dabarun karatu goma da ɗalibai ke amfani dasu, gwada kai da rarraba karatu a kan lokaci suka fito a sama, ja layi da sake karantawa suna cikin na ƙasa, su ne kuma mafi yawanmu muka dogara dasu.

Ga yadda zaka yi. Karanta sashe ɗaya, kada ya wuce shafi biyu ko uku. Rufe littafin ruf. Ɗauki farar takarda ka zubo duk abinda ka tuna, ba sai da tsari ba, ko ka faɗa da baki kana zagaya ɗaki. In ka maƙale kada ka yi saurin buɗewa, ka daure kamar rabin minti kana lalube, wannan laluben da kake jin kamar kanka zai yi ciwo shine aikin da kansa, kamar yadda ɗaga nauyi ke gina dantse. Sai ka buɗe ka gwada da abinda ka rubuta, ka gyara kuskure da biro mai wani launi, ka sake rufewa ka kawo wuraren da ka rasa kawai. Matakin dubawar nan kada ka tsallake shi, don in ka ciro kuskure baka gyara ba kuskuren ne zai zauna daram.

Zaka ji hanyar nan ta fi wahala kuma zaka ji kamar baka ci gaba, saboda tana nuna maka ramukan da karatun ido ke rufewa. Mutane da yawa a nan suke komawa tsohuwar hanya don ta fi daɗi a rai. Dan Allah ka jure sati biyu kafin ka yanke hukunci.

In abubuwan gajeru ne, kamar ma'anar kalmomi, ranaku, dokoki, sunayen magunguna, yanka 'yan katuna ka rubuta tambaya a gaba amsa a baya. Kati ɗaya tambaya ɗaya. Katin da aka cusa masa layi goma ba kati bane, shafin littafi ne aka rage masa girma, kuma zaka riƙa yaudarar kanka kana cewa "ai na kawo yawanci". Sannan ka faɗi amsar a fili kafin ka juya, kada ka tsaya a "na sani" na cikin zuciya.

Mataki na biyar: bada tazara

Awa shida a dare ɗaya da awa ɗaya-ɗaya cikin kwana shida lokaci ɗaya ne, amma abinda ke saura a ka ba ɗaya bane, na biyun ya fi nesa ba kusa ba. Lokacin da bita ta fi amfani shine sanda abin ya fara dusashewa amma bai tafi ba, kowace cirowa a irin wannan lokacin tana sa mantuwa ta gaba ta yi jinkiri, shi yasa tazarar ke ƙara faɗi. Tsarin da nake bi mai sauƙi ne: ranar da na koya kafin na kwanta, washegari, bayan kwana uku, bayan sati, bayan sati biyu, bayan wata. Ba wahayi bane, kana iya matsawa. Ka dai riƙe cewa gwargwadon nisan ranar da zaka buƙaci abin, gwargwadon faɗin tazarar. Jarabawar da ta rage sati ɗaya tazarar kwana ɗaya ko biyu take so, abinda kake son riƙewa shekara kuwa tazararsa sai ta kai makonni.

Wani ɗan jarida Bajamushe, Sebastian Leitner, ya fito da tsarin akwati a 1972 wanda har yau ban ga abinda ya fi shi sauƙi ba. Nemi kwali ka raba shi gida uku ko biyar. Duk sabon kati gidan farko yake shiga, shi kullum ake dubawa. In ka amsa daidai ya matsa gida na biyu da ake dubawa bayan kwana biyu ko uku, daga nan na uku sati-sati, haka har ƙarshe. In ka kasa amsa kati, ko a gida na nawa yake, ya dawo gidan farko ba sani ba sabo. Kaga lokacinka zai tafi ne a kan abinda ke baka wuya, wanda ka iya kuma ba zai riƙa cin lokacinka a banza ba. In ka fi son waya akwai manhajoji masu yin lissafin da kansu, SuperMemo da Piotr Woźniak ya fara a Polan a 1987 ita ce ta buɗe hanya, sai Anki da ta fito a 2006 wadda ɗaliban likitanci da masu koyon harsuna suka riƙe sosai. Shawarata kada ka wuce sabbin kati goma zuwa ashirin a rana da farko, don bita taruwa take, ka tsallake kwana huɗu ka tarar da ɗaruruwa na jiranka sai zuciya ta karaya ka watsar gaba ɗaya. Kuma katin da ka rubuta da kanka ya fi wanda ka sauke na wani.

Wani ƙarin abu, ka riƙa cakuɗa nau'in tambayoyi a zama ɗaya, musamman lissafi. In ka yi iri ɗaya guda ashirin a jere hannunka ne ke tafiya, ranar jarabawa kuwa ba mai gaya maka wace hanya wannan tambayar take so.

Mataki na shida: dabarar gida

Wannan ita ce mai daɗin, kuma ta haura shekara dubu biyu. Cicero na Rum ya bada labarin wani mawaƙin Girka, Simonides, da aka gayyata walima, ana cikin zama aka ce ana sallama dashi a waje, fitarsa keda wuya rufin ya rufta kan mutane har 'yan uwa suka kasa gane gawarwakin nasu. Shi ya nuna kowa, saboda ya tuna inda kowa ya zauna. Daga nan aka ce ya gane wuri na riƙe tunani. Masu jawabi a Rum da wannan dabarar suke riƙe doguwar magana ba takarda.

Ba tatsuniya bace kawai. Eleanor Maguire a Landan ta duba ƙwaƙwalwar gwanayen gasar hadda goma, rahoton ya fito a 2003, bata samu sun fi sauran mutane basira ba ko ƙirar ƙwaƙwalwarsu ta bambanta, amma tara daga cikinsu da dabarar nan suke aiki. A 2017 kuma Martin Dresler a Holan ya koyawa mutanen da basu taɓa yi ba, rabin awa kullum har sati shida, daga jerin kalmomi 72 suka tashi daga riƙe wajen 26 zuwa 62, kuma bayan wata huɗu ribar tana nan.

Zaɓi wurin da ka sani ko ido rufe, gidan da kake kwana ya fi. Tsaya a ƙofar shiga a ranka ka bi hanya ɗaya wadda ba zaka taɓa sauyawa ba, ka ware tashoshi goma manya da basu kama da juna: ƙofa, kujerar falo, talabijin, taga, matakala ko dokin ƙofar ɗaki, agogon bango, gado, madubi, famfo, haka dai. Bi su gaba da baya har sai sun zauna, in zaka iya ma tashi ka taka da ƙafarka. Wannan aikin sau ɗaya ake yinsa.

Sai ka mai da kowane abu hoto ka ajiye a tasha. Bari mu gwada da abinda zai iya ceton rai, alamomin shanyewar ɓarin jiki. A ƙofa ka ga wata ƙatuwar fuska manne da ita ɓari ɗaya ya zazzago kamar kyandir ya narke, wato karkacewar fuska. A kujera wani dogon hannu ya ɗago sai ya faɗo jagwab ya karya hannun kujerar, raunin hannu ko ƙafa a ɓari ɗaya. Talabijin na magana amma harshen mai labarai ya fito ya ɗaure kansa kalmomi na fita a murɗe, sarƙewar magana. Taga ta rufe da baƙin hayaƙi rabi kana gani rabi babu, matsalar gani farat ɗaya. A matakala kana tangaɗi bene na juyawa, jiri da rasa daidaito. Agogon bango kuma yana ihu da jiniyar motar asibiti har gilashinsa ya tsage, wato a duba lokacin da abin ya fara a garzaya asibiti nan take. Yanzu ɗauke idonka daga rubutun nan ka shiga ta ƙofar ka bi. Nasan ka kawo shidan, kuma a jere.

Sirrin hoton shine ya zama abinda ba'a saba gani ba, ƙato, mai motsi, mai ƙara ko wari ko ban dariya ko ban tsoro, kuma ya taɓa tashar da gaske, ya fasa ta ko ya rataya a jikinta. Hoton da aka ajiye salin-alin kusa da kujera shine ke ɓacewa. Abu ɗaya ko biyu a kowace tasha ya isa. In abin bashi da siffa, kamar "haƙƙi" ko "hauhawar farashi", nemo abinda ke wakiltarsa ko kalmar da sautinta yayi kama. In kana son riƙe abu na dindindin ka bashi gidansa shi kaɗai, gidan da ka taso, hanyar wajen aiki, makarantar da ka yi, duk gidaje ne, sannan ka ware ɗaya na abubuwan yau da gobe wanda zaka riƙa sake zubawa bayan tsofaffin hotunan sun dushe.

Gaskiyar da masu tallar dabarar basu cika faɗa ba ita ce, tana da ƙarfi wajen jeri da tsari, kamar kanun jawabi, matakan aiki, jerin sunaye, amma bata maye gurbin fahimta, kuma in baka zagaya gidan da tazara kamar yadda muka faɗa a sama ba hotunan ma gogewa suke.

Sunaye da lambobi

Suna yana da wuyar riƙewa saboda bashi da abin kamawa. In aka ce maka mutumin nan tela ne, nan take keken ɗinki da almakashi da zare sun zo maka. In aka ce sunansa Tela, kalma ɗaya ce amma tsirara take zuwa, kuma masu bincike sun gwada irin wannan sun ga sana'ar ta fi sunan zama. Don haka ka yiwa sunan sutura. Ji shi da kyau, in bai fito ba kace a maimaita maka ba abin kunya bane, faɗe shi nan take cikin gaisuwa, haɗa shi da wani mai irin sunan da ka riga ka sani ka hango su tsaye tare, sannan bayan minti biyu ka tambayi kanka a zuci, da zaku rabu ka sake kiran sunan, da dare ka bi fuskokin da ka haɗu dasu.

Lambobi kuma ka basu siffa: sifili zobe, 1 sanda, 2 agwagwa, 4 jirgin ruwa mai tanti, 7 lauje, 8 tabarau, sauran ka ƙirƙiro da kanka. Lamba 2817 sai ta zama agwagwa sanye da tabarau tana dogara sanda ta taka lauje. Lambar sirrin katin banki dai a ka ake ajiye ta, wannan hanyar ta fi rubuta ta a bayan kati.

Abinda zaka yi anjima

Tuna "zan kira wane ƙarfe huɗu" wani nau'i ne na daban, domin babu mai tambayarka, kai ne zaka tuna cewa akwai abin tunawa. Peter Gollwitzer ya nuna amfanin ɗaura niyya a jikin wani abu takamaimai da zai faru. Maimakon "zan sha magani da dare" kace "in na ajiye buroshin haƙori da dare, zan sha magani", ka kuma ajiye maganin kusa da buroshin. Takardar da zaka fita da ita ka ɗora ta a kan takalminka. Alƙawura da ranakun ganin likita da biyan kuɗaɗe kuwa ka sa su a kalandar waya da ƙararrawa, babu wata bajinta a ɗorawa kai abinda takarda zata riƙe maka, ka bar ƙarfin ga abinda dole sai a ka.

Barci

A 1953 aka yiwa wani Ba'amurke, Henry Molaison, tiyata saboda farfaɗiya aka cire masa yawancin wani sashe da ake kira hifokamfas a ɓangarori biyu na ƙwaƙwalwa. Ya ci gaba da tuna yarintarsa amma sabon abu ya daina zama, mai binciken da ta shekara da shekaru tana zuwa wajensa kullum kamar baƙuwa take. Daga shi aka gane sashen nan ne ke karɓar sabon abu kafin ya kafu, kuma babban ɓangare na kafuwar cikin barci yake faruwa. Tun 1924 Jenkins da Dallenbach suka gwada ɗalibai biyu suka ga abinda aka haddace aka kwanta a kai ya fi wanda aka haddace aka wuni ido biyu zama. Saboda haka kwana zaune daren jarabawa asara biyu ce, na jiya bai kafu ba, na yau kuma kai ya gaji ba zai ciro ba. Yi bitar ƙarshe ta cirowa kafin ka kwanta, ka samu awa bakwai ko fiye, da safe kafin ka taɓa waya ka sake kawo su. Motsa jiki a kai a kai ma yana taimakawa, ko tafiyar ƙafa ce.

Akwai mantuwar da dabara bata magani, ita kam kada a tsaya wasa da ita. In mutum ya fara ɓata a hanyar da ya saba bi, ko yana maimaita tambaya ɗaya sau da yawa cikin ɗan lokaci, ko aikin da ya shekara yana yi ya fara gagararsa, ko 'yan gida ne suka fara lura kafin shi, a je a ga likita. Wani lokacin dalilin abu ne da ake magancewa, kamar ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, numfashi dake ɗaukewa cikin barci, ko wani magani da mutum ke sha. In kuma rikicewar farat ɗaya ta zo, musamman tare da ɗaya daga alamomi biyar ɗin da muka ajiye a gidan can, wannan na gaggawa ne, a tafi asibiti a lokacin, kuma wanda zai raka shi ya riƙe ƙarfe nawa abin ya fara don likita zai tambaya.